Zaman Asabar a Ɗakin Inna

Bayan rasuwar Inna ɗakinta ya daɗe a kulle. Gidanmu na Limawa ba wani babba ba ne, amma babu wanda ya iya cewa zai koma ciki. Ni ce babba a wurin Inna, mukullin kuma yana hannuna, domin tun da maigidana ya rasu na dawo gida da 'ya'yana, ina koyarwa a wata firamare a nan cikin Dutse. Wata Juma'a da yamma ina tsintar shinkafa a tsakar gida, ƙanwata ta zo ta tsuguna a gefena, ta ce tana so in ba ta mukullin. Na tambaye ta ko can za ta koma da kwana. Ta ce a'a, baƙi za ta riƙa yi a ciki, mata irinta.

Na san abin da take nufi da irinta, sai na ci gaba da tsintata.

Ni na goye ta tana jaririya. Ta tashi da baki da son dariya, ta gama sakandare, ta auri wanda take so, wani ma'aikacin sakatariya mai sanyin hali. Haihuwarta ta fari ta zo da gardama, aka yi mata tiyata, ɗan bai zo da rai ba. Ɗinkin ya yi ruwa, ta daɗe a kwance ana yi mata allurar kashe ciwo, wadda suke kira fenta. Sai bayan shekaru ta gaya mini cewa ba ciwon ciki kaɗai allurar take ɗauke mata ba. Ta ce a kunnenta tana jin kukan jaririn nan da bai taɓa yin kuka ba, kuma sai allurar ta shiga jikinta yake yin shiru. Da aka sallame ta ta sami wani mai kemis da ba ya tambayar takardar likita, ta koyi yi wa kanta. Ranar da allura ta yi wuya, sai maganin tari mai kodin, ta juye shi a robar lemo ta riƙa kurɓa a gaban kowa.

Mun ɗauki shekaru a haka. Kayan ɗakinta suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, daga 'yan kunne har tukwane. Mijinta ya yi haƙuri iyakar yinsa, ranar da auren ya mutu ma shi ya kawo ta gida da kansa, yana share hawaye. Inna ta nemi rubutu, ta nemi tofi, wasu suka ce iska ne, wasu suka ce sammu. Kawunmu ya kawo shawarar a kai ta gidan mari, Inna ta ce muddin tana numfashi ba za a sa wa 'yarta ƙarfe a ƙafa ba. Wata nas da muke maƙwabtaka da ita ce ta matsa har aka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa. Ta kwanta, ta fito, ta koma ruwa, aka sake mayar da ita. A komawa ta biyu ne Allah ya tsayar da ita. Inna ta ga wannan tsayuwar da idonta, ta sa mata albarka, sannan ta rasu.

To, gidan da ya sha wannan surutun, sai yanzu da bakin mutane ya fara mutuwa a ce mata masu shaye-shaye za su riƙa sallama a ƙofarsa. Ga 'ya'yana mata sun fara tasowa, kuma kowa ya san mai neman aure unguwa yake fara tambaya. Na faɗa mata haka, ban ɓoye ba. Ba ta yi musu da ni ba. Ta sa hannu ta taya ni tsintar, can ta ce:

"Yaya, lokacin da nake ciki na sha wa'azi, na sha zagi, na sha kukan Inna. Duk gaskiya kuke faɗa mini, amma babu wanda ya san yadda ƙashina yake yi idan gari ya waye ban samu ba. Ranar da na fara jin magana, wata mai tallan nono ce a gadon kusa da nawa ta faɗa mini yadda nake ji tun kafin in buɗe baki."

Na yi kwana biyu ina juya maganar. Daga baya na ɗauko mukullin na ajiye mata a kan dardumarta.

Mai tallan nonon nan ita ce muke kira Adda. Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Garki, ta girme ni, doguwa, ba ta da yawan magana. Ita ƙwaya ce ta kama ta. Tafiyar ƙasa da ƙwarya a ka daga ruga zuwa kasuwa, ga daka, ga ɗiban ruwa, sai wata abokiyar tallanta ta ba ta tiramol ta ce yana kashe gajiya. Ta yi nisa da shi, har wata rana a tsakiyar kasuwa ta yanke jiki ta faɗi tana shure-shure, nono ya malale a ƙasa. Bayan ta fito daga asibiti ta tare wajen ɗanta da yake kiwo a bayan garin Dutse, ta ci gaba da sana'arta. Ita da ƙanwata ba su rabu ba tun daga nan.

Su biyu suka share ɗakin, suka jingine gadon Inna a bango, suka shimfiɗa tabarmi. Ƙanwata dama tana haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa, sai ta jera kwalaben a bakin taga, yadda duk macen da aka tambaya ina za ta, za ta iya cewa gidan mai turare, kuma ba ta yi ƙarya ba. Suka tsayar da ranar Asabar bayan la'asar.

Asabar ta farko babu wadda ta zo, wadda ta biyo ma haka. Adda ce ta gane cewa zama ba zai kawo kowa ba. Ita da take shiga gida-gida da fura da nono, babu ƙofar da ake hana ta, kuma ta san alamun: macen da take barci da hantsi yara na kuka a kanta, muryar da ta yi nauyi, robar lemo da ba a barin yaro ya taɓa. Ba ta cewa komai da farko. Sai ta yi ta zuwa, har wata rana tana dama fura ta ba da labarin kanta kamar hira, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Wasu sun kore ta. Wasu kuma bayan makonni sai su biyo ta zaure su tambaye ta a hankali ina ne gidan mai turaren nan. Haka aikin ya rabu a tsakaninsu, Adda tana yawo, ƙanwata tana zaune.

Ni ba na shiga. Abin da na ɗaukar wa kaina shi ne in dafa zoɓo in ajiye a bakin ƙofa, in kwashe yara mu koma ɗaya ɓangaren. Amma ina ganin takalma. Akwai silifas da aka ɗaure da zare, akwai takalmin 'yan makaranta, akwai mai tsadar da ba a samun irinsa a kasuwarmu. Na ga tsohuwar da ta yi jikoki, wadda maganin barci ya riƙe tun mutuwar mijinta. Wata rana na yi kiciɓis da uwar wani ɗalibina tana fitowa. Ta sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar, kuma har yaron ya bar ajina ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Abin da na sani game da zaman daga bakin ƙanwata na ji, ita ma ba ta kama suna. Ta ce ba wa'azi suke yi ba. Suna buɗewa da addu'a, sannan kowace ta faɗi yadda makonta ya wuce. Wadda ta sha ta ce ta sha, ba mai zaginta, ba kuma mai ce mata abin ba komai ba ne. Abin da aka faɗa a ɗakin a nan yake tsayawa. Idan mace ta yi nisa, jikinta na rawa tana amai, ƙanwata ba ta yarda ta ce za ta daina a gida da ƙarfin hali. Takan ce ita ba likita ba ce. Sai ta sa hijabi ta tare a-daidaita-sahu ta raka ta asibiti, ta zauna da ita a layi, domin ta ce a layin nan yawancinsu suke juyawa su gudu.

A cikin duk matan, wadda ta shiga raina ita ce wata yarinya 'yar Ringim. Na ce yarinya ne don a haife na haife ta, amma matar aure ce. Mijinta direba ne, yana ɗaukar fasinja tsakanin Dutse da Ringim, suna haya a can ƙasan unguwarmu. Sikila gare ta. Tun tana ƙarama idan ciwon ya tashi allurar nan ake yi mata, har ta kai ba ta iya bambance ranar da ƙashinta yake ciwo da ranar da jikinta kawai yake nema. 'Yar ƙarama ce, tana ɗingishi kaɗan, kuma ko ana zafin bazara ba ta sa riga mai gajeren hannu.

Ita kaɗai ce ba ta jin kunyata. Tana fitowa daga zaman sai ta zo inda nake, ta ce Anti kanki ya tsufa, kawo in gyara. Gwanar kitso ce ta gaske, hannunta ba zafi. Ina zaune a gabanta kaina a sunkuye na ji labarinta. Ta ce duk jijiyoyin hannunta sun mutu, ta koma cinya, cinyar ma ta yi gyambo. Ta ce abin da ya fi damunta ba gyambon ba ne, sai yadda idan ta je asibiti da ciwon gaske sai ta ga ana kallon juna, ana zaton ƙarya take don a yi mata allura. Kuma ta ce ba ta ganin laifinsu, domin ta sha yin ƙaryar. Tana faɗa tana dariya, tana ce mini in daina motsi.

Ƙanwata ta sha wahala a kanta. Ta raka ta asibiti, ta yi jinyarta, ta koya wa mijin yadda zai wanke gyambon ba tare da ya nuna ƙyama ba. Mutumin kirki ne, sai dai abin ya fi ƙarfin saninsa, yakan tsaya a zaurenmu yana tambaya ko akwai abin da zai yi. Sannu a hankali ta tsaya. Gyambon ya fara kamewa, ta yi 'yar ƙiba, ta fara karɓar kitso a gida. Watanni suka wuce ba ta taɓa sirinji ba, kowa a ɗakin yana misali da ita.

Sai damina ta sauka da sanyinta, wanda masu sikila suke tsoro. An yi kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, duwatsun garin nan duk sun yi baƙi don laima. Ciwon ya tashi mata, mijin yana Ringim, ruwa ya hana shi dawowa. Sauran labarin daga bakin maƙwabciyarta muka ji. Ta ce ta jiyo nishinta ta shiga, ta ce su tafi asibiti, yarinyar ta ƙi, ta ce ba za ta iya jure kallon nan ba. Ba ta kira ƙanwata ba. Ta ja jiki da kanta zuwa kemis. Jikin da ya daɗe bai gamu da allurar ba, ta ba shi yawan abin da ta saba ba shi a da. Da hantsi mijin ya iso ya tarar ba rai.

Ranar Lahadi ce, ina wanki aka aiko. Ƙanwata ta yi salati, ta zura hijabi a baibai ta fita. Na bi ta.

Mun tarar gidan ya fara cika. Kafin azahar mahaifiyarta ta iso daga Ringim, wata Hajiya mai sayar da kayan miya a kasuwarsu, ƙaƙƙarfar mace, idonta a bushe. Tsofaffin unguwa da suka saba wankan gawa sun riga sun zo, an ɗora ruwa. Hajiya ta tambaya wace ce mai turare, aka nuna mata ƙanwata. Ta kama hannunta ta ja ta ƙuryar ɗaki, ina biye.

"'Yata ta ba ni labarinki," in ji Hajiya. "Ke kin san abin da ke jikinta. Ba na son idon da zai gani ya fita da labari. Ke za ki wanke mini ita."

Ƙanwata ta ce ba ta taɓa yi ba. Hajiya ta ce za ta riƙa faɗa mata. Ta fita ta ba tsofaffin haƙuri, ta dawo, mu uku muka rufe ƙofa. Ni aka ba buta.

Muka rufa mata zane, ƙanwata ta naɗe hannunta da ƙyalle, ta fara da alwala kamar yadda Hajiya ta ce, sannan ɓarin dama, sannan hagu, da ruwan da aka sa wa ganyen magarya. Ban taɓa ganin hannayen nan a buɗe ba sai ranar. Duk tabo ne, wani kan wani, fatar ta yi tauri. Amma sun warke, sun bushe. Sabon guda ɗaya ne, ɗan ƙarami, da ƙyar ake ganinsa. Ƙanwata ta tsaya a kansa, ruwa yana ta zuba daga butar, har Hajiya ta taɓa kafaɗarta ta ce ta ci gaba. Da aka zo kai, ita ta tsefe kitson, ta wanke gashin, ta kama shi gida uku. Muka sa kafur, muka naɗe ta a likkafani, maza suka shigo suka ɗauka.

A zaman makoki na ga matan Asabar. Sun zo ɗaya-ɗaya, kowace ta zauna a nata gefen a cikin jama'a, ba su gaisa da juna ba, kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

Washegari bayan azahar na dawo daga makaranta na tarar da ƙanwata a tsaye a zaure da hijabi, hannunta a kan ƙyaure. Ban san tun yaushe take wurin ba. Gumi ya jiƙa mata goshi. Ba ta kalle ni ba ta ce:

"Yaya, ƙafata ta san hanyar kemis ɗin nan har yanzu. Ki sa sakata, ki zauna da ni."

Na sa sakata. Muka zauna a ƙasa a zauren, jakar makarantata a cinyata. Shekarun nan duka na ɗauka abin ya wuce, kamar zazzaɓin da aka warke. A zauren nan na gane kullum da shi take tashi, kuma da shi a jikinta take raka wasu asibiti. Na kira Adda a waya. Ta bar nonon ranar a hannun wata, ta zo.

Adda ba ta rarrashe ta ba. Ta dube ta, ta dube ni, ta ce a kawo gero. Ta sa ta surfe, ta sa ta daka, ta sa ta wanke ƙore, ba ta bar hannunta ya zauna ba. A gidanmu ta tare kwanakin nan, inda ƙanwata ta sa ƙafa nan take sawa. Sau ɗaya na ji sun yi maganar. Ƙanwata tana riƙe da taɓarya ta ce me ya sa yarinyar ba ta kira ta ba, ga wayarta a buɗe, ko su ne suka yi ta yabonta har ta ji kunyar cewa ta gaza. Adda ta ƙara gero a turmin. Sannan ta ce, da Hausarta mai karyewa, mai yiwuwa haka ne, mai yiwuwa ba haka ba ne, wadda ta sani ta tafi. Ta ce amma akwai waɗanda za su zo ranar Asabar, kuma su ma a tsorace suke.

Asabar ta zo, ƙanwata ta ce ba za ta iya ba, da wane baki za ta ce wa wata ta daure. Adda ba ta matsa mata ba, ta je ta buɗe ɗakin da kanta. Matan suka zo, har waɗanda suka daɗe ba su leƙo ba. Na kai zoɓo zan juya, Adda ta ce in zauna, tunda na zuba ruwan wanka na zama 'yar gida. Ta tambayi matan, ba wadda ta ƙi. Ranar na fara zama a cikinsu.

Adda ba ta saba jan zama ba. Ta yi addu'a, ta bar wa matan fili. Can wata ta ce tun ranar jana'izar akwai kwalba a ƙarƙashin katifarta, ba ta buɗe ba, ba ta kuma iya zubarwa ba. Ana cikin haka ƙanwata ta ɗaga labule. Ba ta je wurin da ta saba zama ba. Ta zauna a bakin ƙofa, inda sababbin zuwa suke raɓewa. Da magana ta zagayo kanta ta ce:

"Ni yau ba jagora ba ce. Ranar Litinin na kai har zaure zan je in saya, Yaya ce ta rufe ƙofa. Har yanzu ina so. Ku taimake ni."

Na zaci abin zai karya musu gwiwa. Sai na ga tsohuwar nan mai maganin barci ta matso ta kama ƙafarta ta riƙe. Mai kwalba ta ce idan za a raka ta, yau za ta zubar. Aka yi ta magana ba tsari har aka kira magariba, a nan ɗakin muka yi sallah. A ranar suka yanke cewa daga yanzu ba ƙanwata kaɗai za a riƙa kira ba. Kowace ta zaɓi 'yar'uwa ɗaya da za ta kira idan abin ya taso, ita ma ƙanwata ta zaɓi tata, kuma aka ce ba sai mace ta sha za ta kira ba, tun tana tunani.

Ƙanwata ta ɗauki lokaci kafin ta koma jan zaman. Da ta koma, ita da Adda suka je neman likitar da take duba masu sikila. Sun yi ta zarya kafin su same ta. Ƙanwata ta ce ta shiga tana jin kamar za a kore su, sai ta tarar matar ma abin yana ci mata rai, domin sau da yawa mai ciwon gaske da mai neman allurar mutum ɗaya ne a gabanta. Ba wani babban abu suka ƙulla ba. Sun dai yi da ita cewa duk wadda ciwo ya kama a cikinsu, ɗayarsu za ta rako ta, a faɗi gaskiyar halin da take ciki, a yi mata magani a fili. Ban ce hakan ya gyara komai ba. Wasu sun daina zuwa, wata mijinta ya hana ta fita, wata har yau tana faɗuwa tana tashi. Amma akwai waɗanda suka tsaya, ina haɗuwa da su a kasuwa da goyo, mu gaisa sama-sama mu wuce.

Bayan damina ta ɗauke, an fara girbi, sai ga Hajiya daga Ringim da rana tsaka, da ƙullin kuɓewa da albasa. Na ɗauka godiya ce ta kawo ta. Ta sha ruwa, ta yi sallah, sannan ta ce akwai magana. Ta ce tun da ta rasa 'yarta idonta ya buɗe, a layinsu na kasuwa kaɗai ta ga matan da shaye-shaye ya kama, abin da a da ba ta gani. Har da 'yar ƙanwarta a ciki. Ita ba ta san abin da ake faɗa musu ba, amma tana da rumfa a tsakar gida, kuma surukinta, direban nan, ya ce idan ƙanwata da Adda za su riƙa zuwa Ringim su yi zama irin na Asabar, zai riƙa kai su ya dawo da su.

Ƙanwata ta dubi Adda. Adda ta ce ita ba ta san gidajen Ringim ba, kuma ba kowa ke sayen nono a hannun baƙuwa ba. Hajiya ta ce wannan a bar mata, ita da take sayar wa kowa kayan miya. Ƙanwata ta ce za ta je, amma ba za ta riƙe wurin har abada ba. Duk ranar da aka sami wadda ta tsaya da ƙafarta a cikinsu, ita za a bar wa.

Ranar Talata suke zuwa yanzu. Direban yana tsayawa a bakin layinmu da safe, ya ware musu kujerar baya, kuma ba ya kunna rediyo idan suna ciki. Zuwansu na farko na kasa natsuwa, ina fitowa daga aji ina duba waya. Gab da magariba suka dawo. Na tambayi ƙanwata yadda aka yi. Ta ce 'yar ƙanwar Hajiya ta zo, ta zauna da niƙabi, ba ta ce uffan ba har aka tashi, amma da za su shiga mota ta biyo su ta tambaya ko mako mai zuwa ma za su dawo. Na zuba musu tuwo. Adda ta ci kaɗan ta tafi, ta ce gobe akwai tatsa. Ƙanwata ta zauna ta ci nata a hankali, ta ce in ƙara mata miya.